Fararen Duwatsun Filin Jirgi

Makon jiya na hau kabu-kabu daga bakin kasuwa, na ce wa mai babur ɗin ya kai ni Filin Jirgi, gidan ƴata. Muna tafe tsakanin katangun bulo da tarin buhunan albasa, sai ya waigo ya ce, "Tsoho, wai ni mi ya sa anka ce ma unguwag ga Hilin Jirgi? Jirgin sama ne ko na ruwa?" Ya bushe da dariya shi kaɗai. Na ce ya dubi gabansa kada ya kayar da ni. Amsar tambayarsa ba ta bisa babur ba ce. Amma tun ranar abin ke ci mini rai, har na ga gara in zauna in rubuta shi bi da bi, yadda ya faru, tun da sauran wanda ya gani da idonsa. Karatuna kaɗan ne, amma na san abin da ke zuwa farko da abin da ke biye da shi, kuma na ga masu manyan takardu da wannan ya gagara.

Ban ga yadda aka yi filin ba. A bakin Baba na ji, shi kuwa Baba ba ya ƙara wa magana gishiri. Ya ce lokacin babban yaƙin Turawa ne, sa'ad da Faransawan da ke mulkinmu ba sa ga maciji da Ingilishi na ƙetaren iyaka, kowa na tsoron kowa. Wata safiya aka buga ganga, aka ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, na son fili mai tsawo inda jirgin sama zai sauka. Ba wanda ya san mene ne jirgin sama, amma kowa ya san bulalar gardi, wato dogarin kumandan. Da fari aka karɓe gonaki, har da rabin ta kakanmu. Daga nan aka tumɓuke gawo da aduwa da kalgo da sabara, saiwa da saiwa. Sannan aka ɗebo jar tsakuwa cikin kwanduna, a ka, aka shimfiɗa. Mata na kawo ruwa a tulu suna yayyafawa, maza na bi da madaɓi kamar ana daɓen ɗaki, sai dai wannan ɗakin ido ba ya ganin ƙarshensa. An kawo mutane daga Tajaye, daga Tsarnawa, har daga Alela, kowa da guzurinsa, wanda nasa ya ƙare ya ci ganye. Na ƙarshe su ne duwatsu. Ƙasarmu rairayi ce, ba a tsintar dutse a nan ko na murhu, sai an je tudun gabas, tafiyar rabin yini. Kowane namiji dutse ɗaya a ka, ya je ya dawo, gobe ma haka, jibi ma haka. Aka jera su dama da hagu tun daga wannan ƙarshe har wancan, aka shafe su da farar ƙasa. Baba ya ce jiragen yaƙin da suka taɓa sauka a kai ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sojoji suka kafa tanti, suka cinye kajin gari, yaƙi ya ƙare a can inda ake yin sa, suka naɗe tantinsu suka tafi, ko sannu ba su ce wa kowa ba.

Bayan yaƙi ne filin ya fara yi wa talaka amfani, wannan kuwa da idona na gani. An bar wa Baba gadinsa, wai ladar gonar da aka karɓe. Jirgin wasiƙu yakan sauka lokaci lokaci. Shekarar da fara ta yi yawa, wani ƙaramin jirgi rawaya ya zauna mana kwanaki, yana tashi da sassafe ya yi feshi ya dawo yana warin magani. Shi ne kuma ya raba dawarmu da tsuntsayen jan baki wata shekara. Malaman dabbobi sun zo da allurar shanu cikin akwatin ƙanƙara, Fulani da Buzaye suka taru da garkunansu can gefe suna jira. Sai kuma jirgin likita, wanda jandarma, ɗan sandan soja, ke kira ta wayar iska idan ciwo ya gagari majo, wato babban ma'aikacin ɗan asibitin garinmu. Mun ga an ɗauki mace mai naƙudar kwana uku, ta dawo cikin mota da jariri a baya. Kafin a ga jirgi ana jin sa, wani siririn gunji daga yamma kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Kaji su ruga ƙarƙashin rumbu, jakuna su miƙe kunne, mata su tsaya da taɓarya a sama. Yau jirage na wucewa can ƙololuwa, ba mai ɗaga kai, don kowa ya san ba wurinsa za su ba.

Aikin filin yana da tsari, kuma Baba ba ya yarda a tsallake ko ɗaya. Bayan sallar asuba mu uku muke jeruwa, shi a tsakiya, yayana Ilu a dama, ni a hagu, mu taka filin daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ido a ƙasa. In gara ta fara gini a rushe a daɓe. In gafiya ta yi rami a cike. In ƙaya ta tsiro a tumɓuke, in jaki ya bar kashi a kwashe a ajiye gefe ya bushe. Sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan girbi, a kwaɓa farar ƙasa cikin rabin duro, a bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya da tsintsiyar kaba. Ranar da aka ce jirgi na zuwa, da fari a kore dabbobi, sannan a kore yara, wanda ya fi wuya, sannan a hura wuta da busasshen kashin jaki a ɗora ɗanyen ganye, hayaƙi ya tashi ya nuna wa matuƙi inda iska ke kaɗawa. Ilu ne mai hayaƙi. Mutum ne dogo mai fara'a, in hayaƙi ya sa shi hawaye sai ya ce, "Baba, dubi yadda nike kukan murnar baƙi." Baba ba ya dariya a bakin aiki. Abin da yake yawan faɗi shi ne, "Wanda ke sama ba ya ganin ƙasa, dutse yake gani." Da gaskiyarsa. Kudu da filin fadama ce mai laka, ƙarshensa na gabas kwazazzabo ne, da damina kuwa ciyawa ɗaya ce ke rufe mai tauri da mai taushi. In ba fararen duwatsun nan ba, babu abin da zai gaya wa mutumin da ke sama inda daɓe ya tsaya.

Na ga yadda aka cinye wannan fili daga baya. Da fari masu gini suka riƙa haƙar jar tsakuwa kafin mutane su tashi. Daga nan masu albasa suka mai da shi mashanya. Daga nan aka zo da igiyar awo da turakun siminti aka yanka shi gida-gida, kowa da takardarsa mai hatimi. Ban ce kada gari ya girma ba, ƴata ma can take zaune. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a samu mutum ɗaya da ya tsaya ya ce, wurin nan kawunan iyayenmu ne suka yi shi, a bar ko taku goma a kafa alama don na baya su sani. Wannan ba mai lokacinsa. Amma a ce babban mutum zai zo gobe, yanzu ka ga an fito da tsintsiya ana share inda tayar motarsa za ta taka kaɗai, sharar kuma a tura ta bayan katanga. Wannan ɗabi'a ta ganin ido ba ta tsufa ba ta mutuwa. Ni na san abin da take ci, don da hannuna a ciki.

Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne, na yi ƴan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, ina jin faransanci daidai gwargwado, kaina kuma ya kumbura. Turawa sun riga sun tafi. An buɗe ƙaramin buro, wato ofishin gwamnati, a garinmu, aka kawo namu baƙar fata ya zauna a kujera, muka ci gaba da ce masa kumandan. Kullum in na gama taka fili sai in wanke ƙafa, in sa wando mai guga, in je in zauna a barandar buro ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina fatan wata rana a ɗauke ni aiki. Hajo matar Ilu, abokiyar wasana, ba ta kirana da kome sai Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. In na fito sai ta ce, "Mushe, a dawo lahiya. In an ba ka kujera mai juyawa ka tuna da mu masu warin hayaƙi." In ce mata, "Ke dai ajiye mini hura mai nono, manya ba su shan farau-farau." Ta ce, "Manyan da ba su da ko akuya!"

Tsakiyar damina aka aiko cewa wani babba daga Yamai zai ratsa ta garinmu nan da mako guda. Buro ya rikice. Kumandan ya ce a share hanya daga bakin gari har ƙofar buro, a jera fararen duwatsu dama da hagu kamar yadda ake yi a manyan garuruwa. Sakatarensa ya fito baranda yana sosa ƙeya, ya ce, "Garin da babu dutsen murhu, ina za a samu na ado? Tudu da nisa, mutane kuma duk suna gona." Ba wanda ya tambaye ni. Ina so wannan ya zauna a rubuce: ba wanda ya tambaye ni. Ni na miƙe na ce, "Akwai a filin jirgi, da farinsu ma." Sakatare ya dafa kafaɗata ya ce yaron nan zai yi nisa. Aka shiga da ni wurin kumandan karo na farko a rayuwata, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni zan kula da kwasar.

Da na isa da amalanke da gardi biyu, Baba na tsakiyar fili da hauya a hannu. Ya tsaya har muka zo gabansa.

"Lahiya?"

"Kumandan ya ce a ari duwatsu, Baba. Kwana bakwai, a maido."

"A ara." Ya maimaita kalmar kamar yana auna ta. "Wa ya hwaɗa mishi akwai duwatsu nan?"

Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya gane.

"In jirgi ya zo fa?"

Ɗaya daga cikin gardin, wanda ake kira Maman, ya ce, "Haba Malam, jirgi da damina? Wata biyu ba a ji ɗuriyarshi ba."

"Ciwo yana tambayar damina?"

"Mu dai aiko mu anka yi."

Ilu ya iso daga gona da laka har gwiwa, ya ji abin da ake ciki, ya ga fuskar Baba, sai ya shiga tsakani yadda ya saba. Ya ce, "Bar su, Baba. Kayan aro ba ya rufe katara. In baƙonsu ya wuce, ni da kaina nike maido su, Mushe kuma shi tura amalanke da wandonshi mai guga." Gardi suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya koma gindin aduwar da ke bakin fili ya zauna, bai sa hannu ba. Kwana biyu muna kwasa. Kowane dutse da muka ɗaga sai ya bar gurbi mai farar ciyawa da kiyashi na gudu. Hanyar buro kuwa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, na tsaya na dube ta na ji daɗi.

Kwana uku da gamawa aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, yini da kwana. Koramar Magiya ta cika ta batse ta yanke hanya, ba ta Ƙonni ba ta Tawa. Da gari ya waye soron Inna na yoyo, Ilu ya hau ya gyara. Ashe azara ta ruɓe daga ciki. Ta karye, ya rufta, rabin rufin ya biyo shi. Da muka tono shi cinyarsa ta karye har ƙashi ya huda fata, cikinsa kuma ya fara tauri. Majo ya zo ya ɗaure ƙafar, ya yi masa allura, sannan ya ja Baba gefe. Ina kusa, na ji.

"Malam, ba ƙahwar ke damuna ba. Jini na zuba daga ciki. Wanga aikin wuƙa ne, ni kuwa ba ni da shi. In ya kai Yamai yau, da sauran rabo."

Jandarma ya buga wayar iska, aka ce jirgin likita zai zo da la'asar. Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube ni. Na fita da gudu.

A ƙofar buro sakatare ya tare ni, ya ce kumandan na hutawa. Na gaya masa abin da ya faru, na ce a ba mu duwatsu yanzu yanzu, ko rabi ne, ko na kusurwoyi kaɗai.

"Jibi baƙo ke zuwa, kana so shi iske hanya tsirara?"

"Hanya ta yanke, ranka shi daɗe."

"Ruwa na janyewa. Kuma matuƙi ba makaho ba ne, hilin nan ba yau anka fara sauka bisanshi ba."

"Yayana ne."

"Allah shi ba shi lahiya. Kada wanda ya taɓa dutse guda."

Maman na tsaye da bulala, yana kallon ƙasa. Da na ɗauki dutse ɗaya a gabansu na aza a ka, da rabin gari ya biyo ni, kuma lokaci na nan, rana ba ta kai tsaka ba. Wannan na sani yanzu, na kuma san shi a ranar. Amma na tuna kujera, na tuna dafa kafaɗa, na ce wa kaina wataƙila da gaskiyar sakatare. Na juya hannu wofi. Sau biyu ke nan ina zaɓar kujera.

Bayan azahar muka ɗora Ilu bisa ƙyaure muka kai shi bakin fili. Wurin ya zama ciyawa da jan ruwa kwance nan da can, ni kaina da na taka shi tun ina yaro sai da na yi shakkar inda fadama ta fara. Baba ya warware rawaninsa ya shimfiɗa a kusurwar kwazazzabo, ya danne da laka. Liman ya tuɓe rigarsa, wasu suka bi. Amma wa ke da fararen kaya da damina cikin garin manoma? Ƴan tsummoki ne a fili mai tsawon tafiya, iska ta naɗe wasu, laka ta rine sauran. Kashin jaki duk ya jiƙe. Hajo ta koma gida ta zare karan gadonta ta kawo, na hura wuta ina ɗora ganye. Daga bisa ƙyaure Ilu ya ce da ƙaramar murya, "Mushe, ganye ya yi yawa. Kashe ta kake yi." Na rage. Hayaƙi ya tashi.

Muka ji gunjin daga yamma. Jirgin ya zo ya kewaya sau ɗaya daga sama. Ya kewaya na biyu ƙasa ƙasa, har muka ga kan matuƙin yana leƙe, wani ne sabo da ba mu sani ba. Mutane na ɗaga hannu suna nuna masa nan, nan, kowa na nuna wuri dabam. A na uku ya sauko har na ce ya taɓa ciyawa, sai ya sake ɗagawa, wani abu ya faɗo daga taga, gwangwani ne da jelar ƙyalle. Aka kawo wa Baba. Akwai takarda a ciki. Majo na nan durƙushe kusa da Ilu, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma ni Baba ya miƙa wa.

"Kai ka karanta."

Na karanta da faransanci, a hankali.

"Da Hausa," in ji Baba. "Kowa shi ji."

Na ce matuƙi ya ce bai ga alama ba, bai san inda ƙasa mai tauri ta tsaya ba, akwai ma'aikaciyar likita tare da shi, ba zai jefa ta cikin laka ba. Man jirgi ya yi masa ƙasa. Gobe an riga an ba da jirgin wani wuri. A mai da alamu, zai dawo jibi da safe.

Gunjin na raguwa har ya ɓace. Hajo ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Ya ce yanzu yake dawowa?" Na ce, "Jibi." Ta gyara wa mijinta mayafi, ta kore ƙuda daga fuskarsa.

Daga nan ba wanda ya nemi izinin kowa. Liman ne ya fara tafiya, ba riga, jama'a suka bi shi har hanyar buro. Amalanke ba ta shiga laka, saboda haka a ka aka ɗauka, maza da mata, tsofaffi biyu biyu ga dutse guda. Sakatare ya fito baranda yana daka tsawa, ba wanda ya waiga. Maman ya tsaya da bulalarsa har mutum goma suka wuce shi, sannan ya soke ta a ɗamara ya sunkuya ya ɗauki nasa. Abin da ya ci amalanke kwana biyu, kawunan mutane suka yi shi daga la'asar zuwa magariba da kuma safiyar washegari. Baba na tsaye yana nuna wa kowane dutse gurbinsa, ya san su kamar awakinsa. Na kwaɓa farar ƙasa na bi su. Da hantsi na leƙa gida, na iske cikin Ilu ya kumbura, leɓensa ya yi fari. Ya ce, "An gama jerawa?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "To madalla, kun hutar da ni." Kafin azahar ya cika. Da la'asar muka kai shi.

Washegari da safe jirgin ya dawo, don ba wanda ya tuna ya ce wa jandarma ya sake buga waya. Baba ya fito yadda ya saba. Aka kore dabbobi, aka kore yara, na yi hayaƙi. Jirgin bai ko kewaya ba, ya sauka tsaf tsakanin fararen duwatsu kamar an ja shi da zare. Matuƙi da ma'aikaciyar suka fito da gadon ɗaukar marar lafiya suna sauri, ya tambaya ina mutumin yake. Baba ya ce mini, "Hwaɗa mishi mun rufe shi jiya. Ka kuma hwaɗa mishi ba shi da laihi." Na faɗa. Mutumin ya cire hularsa, sannan ya mai da gadon cikin jirgi.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga Maman. Daga buro ba wanda ya zo gaisuwa, ko ɗan aike, sai shi. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, ya shafa fatiha, ya ƙi tashi. Can ya ce, idonsa a ƙasa, "Malam, ka gafarce ni. Kumandan ya ce a zo mishi da wanda ya sa anka kwashe duwatsun gwamnati daga bakin hanya." Liman ya buɗe baki, Baba ya dafa ƙasa zai miƙe. Na riga su. Na ce, "Ni ne." Ba gaskiya ba ce, ba ni da wannan zuciyar a ranar da ake bukatarta, amma ita kaɗai ta rage mini in bayar.

Kumandan ya ce na kunyata gari, na ci amanar da aka ba ni, kada ya sake ganin ƙafata a barandarsa. Ya ce an ɗage zuwan baƙo da mako guda saboda ruwa, tunda kuma na tsiraita hanya ni zan suturta ta: in shafa wa gindin kowane icce farar ƙasa tun daga bakin gari har ƙofar buro, ni kaɗai, in kwana a gidan kaso. Kwana huɗu ina yi. Mutane na wucewa suna yi mini gaisuwar yayana ina riƙe da bokiti, in amsa in ci gaba. Hajo na cikin takaba, kullum takan aiko mini da fura mai nono, amma daga ranar nan har ta koma ga Allah da tsufanta ba ta ƙara ce mini Mushe ba.

Ranar da aka ce baƙo zai iso, aka jera ƴan lakwal a rana tun hantsi. Makaɗa suka yi kiɗa har suka gaji suka zauna a gindin itatuwan da na shafe. Kumandan na ta duba agogo. Da la'asar sakaliya aka buga waya aka ce baƙon ya bi ta wata hanya. Bai zo ba, ran nan ko wata rana. Har yau ban san kamanninsa ba, shi kuma har ya bar duniya bai taɓa jin sunan Ilu ba.